Fagen kimiyya: layi biyu da aka manta shekara biyar

A satin nan za mu leƙa cikin kwamfuta, ko ordinatar kamar yadda muka saba faɗi, domin mu duba wani irin kuskure da masana suka daɗe da sani, amma har gobe yana ci gaba da cin mutane. Kuskuren shi ne marubucin tsari ya keɓe gurbi don ajiye wani adadi, ya manta bai sa masa komi ba tun farko, sannan tsarin ya zo ya karanta abin da ya tarar a ciki ya yi aiki da shi. Da Faransanci ana ce masa «variable non initialisée». A baki abu ne ƙarami. Amma idan ya faɗo a sashen da ke kula da ajiyar bayanai, takardun mutane ne ke lalacewa ba tare da kowa ya ji ƙara ba.

Mene ne gurbin da ba a share ba?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta jerin gurabu ce, miliyoyi bisa miliyoyi, kowane da lambarsa. Duk aikin da na'ura za ta yi, sai ta ari wasu gurabu ta rubuta lissafinta, in ta gama ta mayar, wani aikin kuma ya zo ya ara. Abin lura shi ne ba a wanke gurbi idan aka mayar da shi. Kamar allo ne da ɗalibi ya ajiye da rubutunsa, wani ya ɗauka. In na biyun ya wanke kafin ya rubuta, lafiya lau. In kuwa ya ɗauka ya soma karantawa yana zaton darasinsa ne, to darasin wani zai biya.

Me ya sa ba a tilasta wankewa ba? Dalilin yana cikin harshen da aka rubuta manyan tsare-tsaren da shi. Harshen C, wanda Dennis Ritchie ya ƙirƙiro a ɗakunan bincike na Bell a Amurka wajen shekarar 1972, an yi shi ne lokacin da kwamfutoci ba su da ƙarfi, kowane motsi yana da tsada. Sai aka bar wa marubuci nauyin share gurbinsa da kansa, don kada na'ura ta ɓata lokaci tana share abin da za a rubuce nan take. Da wannan harshe ne Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki, ya fara rubuta zuciyar tsarin Linux a 1991, wadda Faransawa ke kira «noyau». Yau ita ce ke tafiyar da akasarin manyan kwamfutocin intanet, ita ce kuma ke cikin kowace wayar Android da ke aljihunmu. A farkon 2025 rubutunta ya haura layi miliyan 40, kuma fiye da rabinsa na direbobi ne.

Direba a nan, wato «pilote», shi ne ɗan tsarin da ke tafinta tsakanin zuciya da wata na'ura: faifan ajiya, katin memuwar, makullin USB da sauransu. Ga misalin yadda mantuwar ke faruwa a direban ajiya. Zuciya ta ce wa direba ya rubuta wani abu a faifai. Direba ya keɓe gurbi ɗaya don sakamako. A al'adar Linux, sifiri yana nufin aiki ya yi kyau, adadi mai ƙasa da sifiri kuma yana nufin an sami matsala. Marubucin ya tuna ya cika gurbin a hanyoyi tara da aikin zai iya bi, ya manta da ta goma, wadda ba a cika bi ba, misali ranar da faifai ya ƙi amsawa. A ranar, direba zai mayar da duk abin da ya tarar a gurbin. In sifiri ya tarar, sai ya shaida wa zuciya cewa an rubuta, alhali ba a rubuta komi ba. Mai takarda ya rufe na'urarsa hankali kwance, sai bayan watanni ya buɗe ya iske wayam.

Wahalar kama irin wannan kuskure ita ce ba ya da tsayayyen hali. Abin da ke cikin gurbin ya danganta da aikin da ya riga shi amfani da wurin. A na'urar marubucin yana iya dacewa sau dubu a jere, sai ya je na'urar wani ya ɓaci sau ɗaya a wata.

Ƙorafin da bai taka kara ya karya ba

Labarin da ya fi kowane bayyana wannan lamari shi ne na raunin da aka laƙaba wa suna «Dirty Pipe», wato ƙazamin bututu, a shekarar 2022. Ba cikin direba yake ba, yana hawa ɗaya sama da shi, a inda zuciyar Linux ke riƙe kofin abubuwan da aka ɗauko daga faifai. Amma ciwon ɗaya ne, ɓarnar ma ɗaya ce.

A lokacin, Max Kellermann ma'aikaci ne a wani kamfanin Jamus mai suna CM4all, wanda ke ajiye wa mutane shafukansu na intanet. Kamfanin yana rubuta rajistar masu ziyartar kowane shafi, fishiye ɗaya kowace rana, a matse shi don ya rage cin wuri. Ranar 29 ga Afrilu 2021 wani abokin ciniki ya kawo kuka cewa rajistar da ya sauke ta ƙi buɗewa. Kellermann ya duba, ya ga lalle akwai fishiye ɗaya da lambar tantancewarsa ba ta dace ba. Ya gyara da hannu, aka rufe magana. Bayan watanni abin ya sake dawowa, ya kuma sake. Kullum abin da ke cikin fishiyen daidai yake, wutsiyarsa kaɗai ke lalacewa.

A nan ne mutane da dama za su ɗora wa faifai laifi, ko su ce ƙaddara ce ta na'ura, su wuce. Shi kuwa sai ya tara fishiyoyin da suka ɓaci ya jera su. Ya ga okte 8 na ƙarshe iri ɗaya ne a cikinsu duka, kuma sun fara da haruffa biyu: P da K. Duk wanda ya san fishiyen ZIP ya san waɗannan haruffa, domin su ne farkon sunan Phil Katz, wanda ya ƙirƙiro tsarin, kuma da su kowane kan bayani na ZIP ke farawa. To ina ZIP ya shigo? Kamfanin yana da wani tsari daban da ke haɗa rajistar wata guda cikin ZIP ɗaya ya aika wa mai shafi. Sai dai wannan tsari ba shi da izinin rubutu a fishiyoyin, karantawa kaɗai yake yi.

Ya bincike faifan gaba ɗaya, ya sami fishiye 37 da suka lalace cikin wata uku, kuma sun fi taruwa a ranakun ƙarshen wata. Kwamfuta ta biyu da ke riƙe da kofin rajistar, amma ba ta aika wa kowa ZIP, ko ɗaya bai lalace a cikinta ba. Ranar ƙarshen wata kuwa ita ce fishiyen da ake aikawa a ƙarshe, kuma daga ita sai kan bayanin da ke rufe ZIP, mai farawa da P da K. Shaidu duka sun nuna wuri guda: abin da tsarin ke turawa waje yana komawa cikin fishiyen da bai da ikon taɓawa. Mai iya yin haka kuwa ɗaya ne, ita ce zuciyar Linux kanta.

Zargin zuciya abu ne da ƙwararru ke gudu, don galibi mai zargin ne ke da laifi. Saboda haka ya rubuta ƴan tsare-tsare biyu na gwaji. Na farko yana ta rubuta AAAAA cikin wani fishiye. Na biyu yana ɗebo daga fishiyen zuwa bututu, sannan ya zuba BBBBB a cikin bututun. Ba da jimawa ba BBBBB ya bayyana a cikin fishiyen, alhali ba wanda ya rubuta shi a can. Ya gwada a Linux 4.19, abin bai faru ba, a 5.10 ya faru. Tsakanin biyun akwai canje-canje sama da dubu 185. Da dabarar raba tari biyu, a gwada tsakiya, a zubar da rabin da ba laifi, a sake rabawa, taki 17 suka ishe shi ya kai ga canjin da ya buɗe ƙofar.

Yadda abin ke faruwa

Faifai yana da nawa, ƙwaƙwalwa tana da sauri. Don haka idan aka karanta fishiye, zuciya takan riƙe kofinsa a ƙwaƙwalwa, shafi-shafi, kowane shafi okte 4096 a yawancin na'urori. Duk wanda ya sake neman fishiyen, daga wannan kofi ake ba shi. Kamar hatsin da aka ɗebo daga rumbu aka ajiye a ɗaki ne: mai girki ba ta komawa rumbu kowace safiya.

Bututu kuma hanya ce da tsari ɗaya ke miƙa wa wani bayani. A cikinsa akwai gurabu 16 a bisa al'ada, jere kamar zobe, ana zagayawa ana sake amfani da su. Kowane gurbi yana nuna shafi ɗaya na ƙwaƙwalwa, kuma yana ɗauke da ƴan alamomi. Ɗaya daga cikinsu tana cewa: wannan shafi na bututu ne, in akwai sauran wuri a cikinsa ana iya ƙara rubutu.

Akwai kuma wata hanyar gaggawa mai suna «splice». Maimakon a kwafi shafin fishiye zuwa bututu, sai kawai a sa gurbin bututu ya nuna shafin da zuciya ke riƙe da shi. An huta da kwafi, aiki ya yi sauri. Sharaɗin shi ne kada a taɓa ƙara rubutu a irin wannan shafi, tun da aro ne.

A 2016, cikin Linux 4.9, aka sake rubuta wannan sashe, aka ƙara ayyuka biyu masu cika gurbin bututu. Sun sa shafi, sun sa tsawo, sun sa wurin farawa, amma ba su share alamomi ba. A lokacin mantuwar ba ta cutar da kowa ba, don babu alamar da ke da haɗari. A 2020, cikin Linux 5.8, wani gyara na tsabtace rubutu ya mayar da izinin ƙara rubutu ya zama ɗaya daga cikin alamomin. Shi ma wannan gyara, in an dube shi shi kaɗai, ba aibi gare shi. Haɗuwar biyun ce ta haifi ɓarna. Gurbin da ya taɓa ɗaukar shafin bututu yana nan da tsohuwar alamarsa. Aka zagayo aka ɗora masa shafin fishiye. Alamar da ta kwana ta ce a ƙara rubutu. Zuciya ta ƙara, kai tsaye cikin kofin fishiyen.

Ta haka P da K suka shiga rajistar. Tsarin yakan aika fishiyen ranar ƙarshe ya bar okte 8 na wutsiyarsa, sannan ya rubuta kan bayanin ZIP, sai rubutun ya sauka daidai kan waɗannan okte 8.

Masu magana sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kellermann ya gane cewa abin da ke faruwa bisa tsautsayi ana iya yin sa da gangan. Mutum ya cika bututu don alamar ta hau gurabu duka, ya kwashe, ya jawo okte ɗaya na fishiyen da yake hari, sannan ya rubuta abin da ya ga dama. Zuciya ba ta tambayar izini idan ana rubutu a bututu. Duk fishiyen da mutum ke iya karantawa, yana iya sauya shi, har da wanda ke riƙe da sunayen masu iko da na'urar. Ƙaramin mai amfani ya zama mai gida ke nan. Abin da ya ƙara muni, shafin da aka sauya ba a yi masa shaidar cewa ya sauya, don haka sau da yawa faifai bai san abin da ake ciki ba. In aka kashe na'ura aka kunna, sawun ɓarawo ya ɓace.

Ranar 20 ga Fabrairu 2022 ya aika wa masu tsaron Linux bayani tare da magani. Washegari ya tabbatar da raunin a wayar Pixel 6 ya sanar da masu Android. Ranar 23 ga wata aka fitar da Linux 5.16.11 da 5.15.25 da 5.10.102 ɗauke da gyaran, ranar 7 ga Maris kuma aka bayyana wa duniya, da lamba CVE-2022-0847. Maganin layi biyu ne, ɗaya a kowane aiki, kuma abu ɗaya suke faɗi: a sa alamomi su zama sifiri. Wata goma na bincike, shekara biyar na mantuwa, ga abin da suka tsaya a kai.

Gargaɗin da aka toshe wa baki

Mai karatu zai ce, ashe ba na'urar da ke gano irin wannan? Akwai. Mafassarin da ke juya rubutun C zuwa harshen na'ura yakan yi gargaɗi idan ya ga za a karanta gurbin da ba a cika ba. Matsalarsa ita ce yakan yi ihu a inda ba ɓarawo, har mutane su gaji. Shekaru da dama marubutan Linux suna da wata ƴar dabara mai suna «uninitialized_var», wadda aikinta kawai ta rufe bakin mafassari, ba ta sa komi a gurbin. Ranar da gargaɗin ya zama gaskiya, ba mai jin sa. A 2020 Kees Cook ya bi ya cire ta daga zuciyar gaba ɗaya, cikin Linux 5.9.

Akwai kuma gyaran da ya fi ɓarnar muni. A 2006, a tsarin Debian, wata na'urar bincike mai suna Valgrind ta yi kuka kan gurabun da ba a cika ba a cikin OpenSSL, tsarin da ke ƙera mabuɗan sirri. Don a kashe kukan aka cire layi biyu, ashe ɗaya daga cikinsu shi ne ke zuba kusan duk abin da ke sa mabuɗi ya zama ba a iya cankarsa. Sai a watan Mayu 2008 Luciano Bello ya gano, bayan an ƙera mabuɗai ba adadi waɗanda, a kowane iri, ba su wuce zaɓi dubu 32 da ɗoriya ba. Garin neman gira aka rasa ido. Wanda zai gyara gurbi dole ya fara sanin abin da ya kamata ya kasance a cikinsa. Ko sa sifiri ba kullum ne daidai ba: a misalinmu na direban ajiya, sifiri shi ne «an yi nasara», don haka mai gyaran da ya zuba sifiri don ya huta ya mayar da kuskuren wata-wata ya zama ƙarya ta kullum. Can abin da ya dace shi ne lambar matsala.

Inda aka kwana

Manyan kamfanoni sun daina dogara da tunanin marubuci shi kaɗai. Microsoft ya bayyana cewa tsakanin 2017 da tsakiyar 2018, kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na raunukan da ya gyara daga gurabun da ba a share ba suka fito, kuma daga 2019 ya sa mafassarinsa ya riƙa share wasu gurabun zuciyar Windows 10 da kansa. Linux ma ya sami irin wannan zaɓi a 2020. A Disamba 2022, cikin Linux 6.1, aka shigar da KMSAN, aikin Alexander Potapenko na Google, wanda ke bin kowane gurbi yana lura ko an cika shi kafin a karanta. Tare da na'urar gwaji ta syzkaller ya tono ɗaruruwan kurakurai. A wannan fitowa ce kuma aka buɗe wa harshen Rust ƙofa, harshen da mafassarinsa ke ƙin karɓar rubutu sam in akwai gurbin da za a karanta ba a cika ba. A 2024 aka karɓi direban faifai na gwaji na farko da aka rubuta da shi.

Duk da haka kada mu ɗauka an gama. Gurabun ƙazamin bututu an share su ranar da aka ƙirƙiri bututun, an kuma rubuta alamar bisa ƙa'ida a zagayen farko. A idon na'urar bincike, gurbin cike yake. Abin da ba ta sani ba shi ne rubutun na jiya ne, na wani aiki. Wannan sai mutum, kuma mutumin da ya gano shi ba farautar rauni ya fita ba, kukan abokin ciniki ɗaya ne ya ƙi rainawa.

Mu da ke amfani da waɗannan na'urori, rabonmu a cikin labarin a fili yake. A 2022 sababbin wayoyi irin su Pixel 6 da Galaxy S22, masu zuciya 5.10, su ne raunin ya shafa, tsofaffi da yawa suka tsira don zuciyarsu ta girmi canjin 2020. Wani raunin kuma tsofaffin zai kama. Gyaran da aka yi a Jamus ko Amurka ba ya isowa wayarka sai ka karɓi sabuntawar da take ta roƙonka, wadda da yawa daga cikinmu ke turewa don tsimin kuɗin intanet. Wayar da kamfaninta ya daina aiko mata da sabuntawa kuwa, a yi hattara da abin da ake ajiyewa a cikinta. Masu kula da kwamfutocin buro, su riƙa ajiye kofin takardu a wuri na biyu, su kuma riƙa buɗe kofin lokaci-lokaci su tabbatar yana karantuwa. In fishiye ya lalace ba dalili, a adana shi, a rubuta rana da sa'a, kada a share a wuce. Da irin wannan tari ne Kellermann ya ga P da K. Ɗalibanmu masu koyon rubuta tsari kuma, su saba tun yanzu: duk gurbin da aka keɓe a ba shi ƙimarsa nan take, duk gargaɗin mafassari a karanta shi har a fahimta kafin a kashe shi.